Motoci 14, bakanike ɗaya: hanyar da muka bi kafin mu samu ma'aikatan gareji

Ina aiki a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, kuma ni ke kula da motocinta, tun daga motar kwasar shara har bas-bas na haya. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, a 'yan watannin nan mutum uku daga wasu ƙananan hukumomi sun kira ni da tambaya iri ɗaya: an kawo musu motoci, babu masu gyara, ta ina za su fara? Ni ma a haka na tsinci kaina. Wata 11 na yi ina yawo da fayil kafin bakanike na farko da muka ɗauka ya ga albashinsa, kuma kusan rabin wannan lokaci rashin sanin hanya ne ya cinye shi.

Bayan jawabin Shugaba Tinubu na ranar 29 ga Mayu, 2023, inda ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya ninka, ma'aikata da 'yan makaranta suka koma takawa da ƙafa, matan ƙauye suka rage zuwa kasuwa. Sai majalisar ƙaramar hukumarmu ta yanke shawarar farfaɗo da motocin haya a farashi mai sauƙi. A lokacin bas 5 gare mu, duk Toyota Hiace masu cin mutum 18, biyu daga ciki suna kan duwatsu babu tayoyi. Kafin shekarar ta fita an ƙaro 9, 'yan Kwatano masu ɗan sauran ƙarfi. Aka ɗauki direbobi da kwandastoci a matsayin ma'aikatan wucin gadi, aka yi fenti, aka yi bikin ƙaddamarwa. Maganar gareji ba ta taso a ko zama ɗaya ba, kuma ni da ya kamata in tayar da ita ban tayar ba, domin hankalina yana kan takardun motocin da inshora da lambobi. Garejin kuwa rumfar kwano ce da rami ɗaya, sai bakanike ɗaya da muke kira Baba, wanda a lokacin ya shekara 33 yana aiki, da wani yaro da yake biya daga aljihunsa.

A watan Janairu na 2024, ranar wata kasuwar mako, ɗaya daga cikin motocin tana gangarowa cike da mata da kayansu, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya ba shi natsuwa, ya rage giya, ya ja birkin hannu, ya kai ta cikin wata gona. Ba a rasa rai ba, amma wata baiwar Allah ta gurɗe a hannu, yara biyu suka farfashe baki. Da aka jawo motar gareji da yamma, cikin hazon hunturu, Baba ya shiga ƙarƙashinta da tocila a baki. Ya fito ya miƙo mini takalmin birkin, ya cinye har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, tiyon man birkin kuma ya tsage yana ɗiga. Ya ce, "Ɗana, tun makon jiya na ce a tsayar da wannan motar. Aka ce fasinja na jira. Hannu biyu gare ni, motoci uku na gabanta a layi." Na riƙe ƙarfen nan a hannuna na rasa abin da zan ce masa. A daren na rubuta takarda.

Takardata ta farko layi shida ce, tana cewa muna buƙatar ƙarin kanikawa cikin gaggawa. Ta bi ta hannun shugaban sashenmu zuwa ofishin daraktan ma'aikata, ta kwana mako uku, sannan ta dawo da tambayoyi uku da jan biro: mutum nawa, a wane mataki, kuma da wane kuɗi? Na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarsa ce. Wanda zai sa hannu bai taɓa shiga ramin gareji ba, dole ka kai masa lissafin da zai iya karewa a gaban na sama da shi. Sai ni da Baba muka zauna da littattafan direbobi. Kowace mota tana cin kusan kilomita 250 a rana, kwana shida a mako, wato kilomita 1,500. Muna yin juyen baƙin mai da canjin filta duk kilomita 5,000, saboda ƙura da yanayin hanyoyinmu, ke nan kowace mota tana dawowa gareji bayan mako uku da 'yan kwanaki. Motoci 14 suna cin kilomita 21,000 a mako, wato juye huɗu duk mako, kafin a zo kan birki, kuloci, shokozoba, lagireto da motar da ta mutu a hanya sai an bi ta. Muka sa wa kowane aiki sa'o'insa, muka kuma cire lokacin da bakanike ke ɓatawa wajen zuwa neman kayan gyara. Lissafin ya tsaya a kan kanikawa uku ƙari a kan Baba, da mai wayarin ɗaya, da shugaban gareji wanda zai iya karanta na'urar gwajin mota ya kuma rubuta rahoto. Na haɗa da hoton takalmin birkin nan a shafin ƙarshe. Wannan takardar kwana huɗu ta yi ta wuce.

A ofishin ma'aji aka tsayar da ni. Ya ce kasafin 2024 an riga an rufe shi, babu ko gurbi ɗaya na sabon ma'aikaci a sashen ayyuka, ga kuma umarni daga jiha na dakatar da ɗaukar aiki. Na fito jikina a sanyaye. Wani dattijon akawu a ofishin ma'aikata, wanda ya ga shigata da fitata, shi ya kira ni gefe ya ce, "Malam, kada ka nemi sabon gurbi, ba za a ba ka ba. Nemi gurbin waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu, kuɗinsu yana cikin kasafi." Da tsohuwar zuma ake magani. Muka ɗauko kundin sunayen ma'aikata muka bi layi-layi kwana biyu, muka samu gurabe huɗu a sashenmu da ba a cike ba: magini ɗaya, direbobi biyu da kafinta ɗaya. Na sake rubuta takarda ina neman izinin maye waɗannan gurabe tare da mayar da su na kanikawa. Ciyaman ya sa hannu a ƙarshen Fabrairu, aka ce sai an kai babban birnin jiha.

A nan na yi kuskuren da ya fi cin mini lokaci. Ma'aikatan ƙaramar hukuma kashi biyu ne. Daga matakin albashi na 01 zuwa na 06 kwamitin ƙananan ma'aikata na ƙaramar hukumar ne ke ɗauka, daga mataki na 07 zuwa sama kuwa hurumin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ne. Ni na haɗa su duka a takarda ɗaya, kanikawa da shugaban gareji da nake so a mataki na 07. Saboda wannan mutum ɗaya fayil ɗin gaba ɗaya ya shiga layin da ake jiran zaman kwamishinonin hukumar, alhali abin da ƙananan guraben ke buƙata izinin keɓewa daga dakatarwar kawai. Sau biyar na je birnin, kowace tafiya tana cin mini tsakanin naira 9,000 zuwa 12,000 na mota da abinci da kwafin takardu, yawanci daga aljihuna. Azumi ya shigo ranar 11 ga Maris, ana tashi aiki da wuri, wani lokacin in isa da azahar in tarar wanda zan gani ya fita. A zuwa na huɗu ne wata jami'a ta buɗe fayil ɗin a gabana ta ce, "Ai da ka raba su biyu, da tuni ɗayan ya fita." Na koma gida na raba. Izinin gurabe uku ya fito a tsakiyar Mayu. Na shugaban gareji aka ce a saka shi a kasafin baɗi, na mai wayarin kuma ba a amince da shi ba. Abu ɗaya da ya taimake ni a duk wannan zirga-zirga shi ne ban taɓa barin takarda a wani ofishi ba tare da an buga mini hatimin karɓa a kan kwafina ba, kuma ina rubuta lambar fayil da ranar da ya bar kowane tebur.

Muka liƙa sanarwa a allon sakatariya da tasha, muka aika wa hakimi, aka faɗa a masallatan Juma'a, muka kuma kai wa reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA na garinmu, kuma ta nan mafi yawan masu hannu suka ji. Cikin mako biyu takardu 58 suka shigo. Tare da su sai ga 'yan guntayen takardu daga manya, wannan ɗan wane ne, wancan yaron wane ne, wasu ma ba su taɓa riƙe sifana ba. Ban ga laifin mai nema wa ɗansa abinci ba a wannan zamani, amma gareji ba wurin yin alfarma ba ne. Na shiga wurin ciyaman na ce, "Ranka ya daɗe, motar da za su gyara iyayenmu da 'ya'yanmu ne za su shiga. Ina roƙon a bari a gwada kowa a kan mota, a gaban kwamiti, wanda ya ci shi ke nan." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in rubuto a rubuce ya sa hannu, domin shi ma ya samu abin nuna wa masu zuwa gidansa da dare. Wannan sa hannun ne ya tsare mu duka.

Aka yi gwajin mako guda bayan Babbar Sallah, da mutum 21 da muka tace. Mun gayyato malamin kanikanci daga wata kwalejin fasaha da wani dattijo daga ƙungiyar kanikawa su zama alƙalai tare da Baba, 'yan kwamiti kuma suna zaune a benci suna kallo. Kuɗin mai da abincin alƙalai da ɗan abin sallama sun tashi naira 45,000, daga kuɗin shigar motoci. Mun ɓoye lahani uku a jikin mota ɗaya: an sassauta wayar batir ta ƙasa, an cire wayar fulogi ɗaya ta yadda injin zai riƙa rawa, an kuma bar iska a cikin birki. Kowa minti 30. Wasu sun zo da takardu masu kyau suka tsaya suna kallon injin, wasu kuma ba su da takarda ba su da hannu. Akwai wani matashi mai takardar jarrabawar sana'a ta NABTEB daga kwalejin fasaha da ya gano biyu, ya kuma yi bayani tsaf. Amma wanda ba zan manta da shi ba wani saurayi ne siriri, da riga duk baƙin mai, wanda ya shekara 12 a garejin maigidansa. Ya murɗa makulli motar ta yi ƙyas ta ƙi tashi, bai ce komai ba ya tafi kan batir ya girgiza wayar da yatsa, ya ɗaure. Da ta tashi sai ya ɗauki doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a kan injin, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya bi silinda ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a ta uku. Sannan ya shiga ya taka birki sau biyu, ya leƙo ya ce wa Baba, "Maigida, akwai iska a ciki, a ba ni wanda zai taka mini in fitar." Minti 17 ya yi. Baba ya juyo ya kalle ni, bai yi magana ba, amma na ga idonsa.

Shi ne ya zo na ɗaya, kuma shi ne ba shi da takardar da tsarin aikin gwamnati ke nema. Takardar firamare kawai gare shi. Sakataren kwamiti ya ce da ita sai dai a ɗauke shi lebura, ba bakanike ba. Wannan ita ce babbar matsalar ɗaukar ma'aikatan gareji a wurarenmu, mai hannu ba shi da takarda, mai takarda sau da yawa bai samu inda zai goge hannunsa ba. Mafitar ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda aka fi sani da Trade Test. Aji uku ce, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, kuma an yi ta ne domin irin waɗannan da suka koyi sana'a a hannun maigida. Na raka shi ofishin ƙwadago da ke babban birnin jiha da takardar shaida daga maigidansa mai nuna shekarun da ya yi yana koyo, da hotunan fasfo. Kuɗin an biya a banki ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi zuwa asusun gwamnati, muka riƙe rasit. A bakin irin waɗannan wurare akan samu masu tare mutum su ce za su kawo masa takardar har gida ba tare da ya zauna jarrabawa ba. Kada a saurare su, domin ranar tantance ma'aikata takardar bogi aikin mutum take tafiya da shi. Zanga-zangar farkon Agusta ta sa an rufe hanyoyi da ofisoshi na wasu kwanaki, aka ɗaga ranar gwajin, sakamakonsa ya fito a Satumba. Kafin nan, don kada wani gareji ya ɗauke mana shi, mun samu izinin biyansa kullum-kullum daga kuɗin motoci.

Sauran takardun ma sun ci lokaci fiye da yadda na zata. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma tana farawa daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi kafin sakatariya. Wanda ba shi da takardar haihuwa sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru. Akwai takardar lafiya daga babban asibiti, da lambar NIN, da asusun banki mai BVN. A nan na biyu a jerinmu ya maƙale, domin an rubuta sunansa da haruffa daban a NIN da banki, shekarar haihuwa ma ta bambanta da biyu, kuma na'urar biyan albashi ba ta karɓar haka. Gyaran ya ci mako biyar. Da na sani, tun ranar da muka tace mutum 21 zan ce kowa ya kawo waɗannan takardu a duba su gefe da gefe.

Takardun kama aiki sun fito ƙarshen Satumba. Na uku a jerin ya karanta tasa, ya tambayi abin da zai riƙa karɓa a wata, aka faɗa masa, ya ninke takardar ya miƙo mini da ladabi. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, abin da kuka ce a wata ina samunsa a kwana goma idan kasuwa ta yi kyau." An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, amma a lokacin bai iso gare mu ba tukuna. Ban iya ce masa ya yi kuskure ba. Abin da ya cece mu shi ne ranar gwaji na roƙi a rubuta sunayen mutum shida a cikin bayanan zaman kwamiti, uku da aka ɗauka da uku 'yan jira, kowa ya sa hannu. Sai kawai aka kira na huɗu. Ba don haka ba da sai mun sake sanarwa daga farko. Bayan ɗaukar hoton yatsa da tantancewa, sunayensu sun shiga jerin albashi a Nuwamba. Watannin da suka yi babu albashi, Baba ne yake raba musu abincin da ake kawo masa daga gida, ni kuma ina ɗan taimakawa da kuɗin mota.

Da suka kama aiki sai muka ga kayan aikin mutum ɗaya ne a garejin, kuma yawancinsu na Baba ne na kansa. Wata takardar ke nan, ta sayen jak biyu, da turakun tokare mota, da akwatin sifanu ga kowane mutum, da ƙaramar na'urar gwaji. Ni da Baba muka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano muka zaɓo da hannunmu. Wanda zai bi wannan hanya ya sa kayan aiki a cikin takardar neman ma'aikata tun farko, kada ya ɗauko mutane su zo suna jiran juna a kan sifana ɗaya. Mai wayarin da mai faci kuwa, tunda babu gurbinsu, mun yi yarjejeniya a rubuce da mutum biyu na gari, ana biyansu gwargwadon aiki duk ƙarshen mako. Haka kuma lokacin aiki sai da muka sauya, domin motar haya da rana tana kan hanya, da yamma take samuwa. Yanzu mutum biyu suna shigowa da safe, biyu da la'asar su kai dare, Lahadi kuma ranar babban dubawa ce, da ɗan alawus da majalisa ta amince a riƙa cirewa daga kuɗin shiga. Wannan alawus ɗin shi ke riƙe mana su, ba albashin ba.

Ga masu kirana, abin da nake faɗa musu shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka fara maganar sayen mota a majalisa, ranar ya kamata takardar neman kanikawa ta fita, kuma ta shiga kasafin kuɗi lokacin da ake haɗa shi, domin mota ana kawo ta cikin mako guda, mutum kuwa sai ya bi tebur goma. A kai lissafin kilomita da sa'o'i, kada a kai koke. A raba takardar ƙananan ma'aikata da ta manya. A tura masu hannu su yi jarrabawar gwajin sana'a tun kafin a buɗe gurbi, ko da ta hannun ƙungiyarsu ne. Sannan a ba bakanike ikon tsayar da mota a rubuce. Mu yanzu akwai jan kati da ake ratayawa a sitiyari, idan Baba ko ɗaya daga cikin yaransa ya rataya shi, babu direba ko jami'in da zai fitar da motar, ko da fasinja sun cika tasha. Sau biyu aka kira ni daga sama a kan wannan kati, sau biyun ina ɗaukar takalmin birkin nan, wanda har yau yake cikin durowata, in je da shi.

Yanzu ana maganar mayar da wasu daga cikin motocin su koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda ake matsawa a tukunya da ƙarfin da ya kai "bar" 200 a ma'aunin matsin iska. Wannan ba aikin da za a bar wa mai walda na bakin titi ba ne, don haka na rubuta a tura saurayin nan da ya zo na ɗaya da mai takardar NABTEB, wanda shi ma yana cikin waɗanda muka ɗauka, horo kafin a taɓa ko mota ɗaya. Gurbin shugaban gareji ya shiga kasafi, amma har yanzu muna jiran a kira masu nema. Baba kuma ya kusa cika shekara 35, dole ya ajiye aiki. Kwanakin nan ba ya yawan shiga rami, yana zama a bakinsa a kan wata tsohuwar taya yana nuna wa yaran da baki, idan sun fito ya sa hannu ya taɓa kowane noti da suka ɗaure. Takardar neman wanda zai maye gurbinsa na miƙa ta tun lokacin da ake haɗa kasafin baɗi, lambar fayil ɗin tana rubuce a bangon littafin gareji, kuma ranar Litinin zan shiga birni in ji teburin da ta kwana.